Inna Ba Ta Son Safar Hannu

Ƙarfe ake kiranta a makarantar koyon aikin jinya, kuma sunan ya biyo ta har asibiti. Dalili kuwa, tun da ta shiga makarantar ba wanda ya taɓa ganin ta da ko 'yar mura. Shekarar da gudawa ta kwantar da rabin ɗakin kwanan ɗalibai, ita ce ke ɗebo musu ruwa tana yi musu tsiya, tana cinye abincin da suka kasa ci. Allurar rigakafi ma sai da aka ce ba za ta zauna jarrabawa ba, sannan ta miƙa damtse tana cewa asarar magani kawai ake yi.

"Jinina ya fi ƙarfin ciwo," in ji ta. "Ƙwayar cuta in ta shiga jikina, ita ce za ta nemi asibiti."

Abin haushin shi ne ba ƙarya take yi ba, ba ta ciwon. Shi ya sa maganar ta zauna mata daram a ka. A takarda kuwa ba a kama ƙafarta. Tambaye ta yaushe ake wanke hannu, yaya ake wankewa, me ake sawa kafin a taɓa rauni, za ta zuba maka amsa kamar tana karantawa a bango. Amma da ta shiga ɗakin marasa lafiya sai ta ajiye duk wannan a bakin ƙofa. A ganinta safar hannu da sabulu kariya ce ga ma'aikaciya, don kada ta kwashi ciwo ta kai gida. To, wadda ciwo ke tsoro, me za ta yi da kariya?

Ga shi marasa lafiya suna sonta, abin har ya yi yawa. Ita ce mai ɗaga tsohuwa da hannu biyu ba ta yamutsa fuska, ita ce mai share amai tana ba da labari. Ɗakin mata masu tiyata, inda aka tura ajinsu koyon aiki, kowane gado "Ƙarfe, zo nan," "Ƙarfe, Allah Ya yi miki albarka." Wa zai ji wannan kullum kansa bai kumbura ba?

Ƙawarta kuma ta kasance akasinta. 'Yar Leda suke ce mata, saboda tun daga ƙofa take naɗe kanta: takunkumi, rigar leda, safa biyu a kowane hannu. Ta yarda cewa duk ciwon da ke duniya ita yake nema. Sai dai safar da ta sa da safe, da ita take zagaye ɗakin har rana ta take, daga wannan gado zuwa wancan, hankalinta kwance tunda fatarta ba ta taɓa komai ba. Kullum suna cikin musu, wannan ta ce wa waccan matsoraciya, waccan ta ce wa wannan mahaukaciya, sannan su tafi cin abinci tare.

Sistar ɗakin, wato babbar nas, doguwar mace ce mai ɗan ɗingishi, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Amma ɗakin dogo ne, gadaje jere hagu da dama, famfo ɗaya can ƙarshe kusa da taga, ita kuma ido biyu gare ta kamar kowa. In tana kallo, Ƙarfe ta wanke hannu har da murza tsakanin yatsu. In ta juya baya, shi ke nan.

A gida ma Ƙarfe ba ta bar maganar ba. Duk ranar hutu, mahaifiyarta Inna na zaune tana ninke wanki, ita tana gefe tana cika baki.

"Inna, ki ga wasu yaran, sai ka ce kashi za su taɓa ba mutum ba. Kafin su gaisa da mara lafiya sai sun sa safa. Ƙyama ce kawai da tsoro. Ni da hannuna nake kama kowa."

Inna ta ji daɗin wannan magana har cikin ranta. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ji: "'Yata ba ta ƙyamar ɗan Adam. Sauran suna sa roba a hannu, ita kuwa a'a."

Sai ga shi an gano ƙari a cikin Inna. Ta daɗe tana ɓoye ciwon, tana cewa iska ce, har ranar da ta kasa miƙewa daga kan tabarma. Aka yi mata tiyata, aka ciro abin, likita ya ce an yi nasara. Da ta farfaɗo, ina za a kai ta in ba ɗakin mata masu tiyata ba? Aka ba ta gado a tsakiya, ɓangaren taga.

Sista ta so ta mayar da Ƙarfe wani ɗakin, don ba a son mutum ya yi jinyar nasa. Ina! Inna ta ce ba ta san zancen ba.

"Cikin da ya haifi nas, baƙuwa ce za ta buɗe shi? Ku bar min 'yata."

An ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta magana, ashe da gaske take. Gwajin jini ta yarda, allura ta yarda, amma duk wadda ta kai hannu wajen zanin cikinta sai ta dafe shi da hannu biyu. Kwanakin farko ba a damu ba, don ba a buɗe raunin tiyata da wuri. Ranar da ake maganarta kuwa, bandejin ya jiƙe sharkaf, ruwa-ruwa ya ɓullo har kan zani. Sista ta duba ta girgiza kai.

"Wannan ba zai kai azahar a haka ba. Jiƙaƙƙen bandeji ƙofa ce a buɗe, in ƙwayar cuta ta shiga sai an sake farka cikin nan. Ƙarfe, tunda ke take so, ke za ki canza. Zan zo in duba bayanki."

"An gama, Sista," Ƙarfe ta ce, har da ɗan murmushinta.

Kafin nan akwai aikin safe. A gadon lungu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Raunin cinyarta ya ƙi warkewa, an canza magani an sake canzawa, likita ya ce ƙwayar da ke ciki ba ta jin magani. Wari yake yi mai nauyi, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ɗalibai gudun gadon suke, ban da Ƙarfe. Ta je ta juya Kaka, ta ga mugunya ta zubo ta gefen bandeji ta gangara bayan gwiwa. Ta yagi auduga ta share da hannunta, tana tsokanar tsohuwar.

"Kaka, yaushe za ki tashi mu yi tsere?"

"Ja'ira, sai kin fara nemo min miji."

Suka yi dariya. Ƙarfe ta jefa audugar a kwando, ta goge yatsunta a gefen rigarta, ta fitar da tasar fitsarin gado na gaba, ta gyara wa wata ƙarin ruwa. Sannan ta turo teburin nan mai taya, da auduga da hantsaki da ruwan wanke rauni a kai, ta tsaya a gadon Inna ta ja labule.

"Inna, sannu. Yau dai za mu ga aikin likita."

Inna ta saki fuska, ta janye zanin da kanta. Ƙarfe ta kama bakin filastar ta ɗaga a hankali, jiƙaƙƙen bandejin ya biyo. Ga raunin nan dogo a ƙasan cibiya, baƙin zare jere a kansa. Sama ya kama da kyau. Can ƙarshe kuwa ɗinki ya ɗan saki, wurin ya buɗe kamar bakin jariri, ja wur, yana tsattsafo da ruwa.

Raunuka nawa ta gani a ɗakin nan? Ba su ƙirguwa. Amma wannan fatar ta san ta, a kanta ta yi barci tana ƙarama. Ta kai hannu za ta ɗan matsa gefen ta ga zurfinsa, kamar yadda ta saba. Hannun na wucewa ta gaban fuskarta sai wari ya bugi hancinta.

Warin Kaka ne, a yatsunta.

Ta tsaya da hannu a sama, tsakaninsa da buɗaɗɗen wurin nan bai kai faɗin tafi ba. Tun da take, tunaninta hanya ɗaya yake bi: daga mara lafiya zuwa jikinta, kuma jikinta ya fi ƙarfi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa juya hanyar ba. To, jininta ya fi ƙarfin ciwo, an ji. Cikin Inna fa, da aka farka shekaranjiya? Abin da ta haddace ta ci jarrabawa da shi, yau ne kawai ta ji shi a jikinta, kuma tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta ɗauki hantsaki ta ɗora tsabtatacciyar auduga a kan raunin, ba ta bari yatsa ya kusance shi ba.

"Inna, kada ki taɓa. Ina zuwa."

Ta nufi famfo kusan da gudu. Ta wanke har gwiwar hannu, ta bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu. Sista ba ta kusa, ba mai kallo sai 'Yar Leda da ta saki baki.

"Ke, lafiya? Allura ta soke ki?"

"Ba ni rigar leda sabuwa. Da safa, wadda ba a buɗe ba."

"Ƙarfe da safa? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!" 'Yar Leda ta sa hannu a aljihu za ta zaro mata.

"Ba ta aljihunki ba. Kuma don Allah ki cire wadda ke hannunki, tun safe kike yawo da ita. Ke kin tsira, su kuma da kike shafa musu fa?"

'Yar Leda ta dubi hannuwanta. Ta je ta ɗauko mata daga kabad.

Ƙarfe ta koma bayan labule, ta yage takardar, ta zura safar yadda aka koya musu, ta ɗaga hannuwa sama daidai ƙirji. Tana juyowa ta ga fuskar Inna ta canza. Inna ta dubi safar, ta dubi rigar ledar, ta dubi 'yarta. Sai ta jawo zani ta rufe cikinta ta dafe.

"Mene ne wannan?"

"Safa ce, Inna. Haka ake yi."

"Haka ake yi." Inna ta maimaita a hankali. "Ina kwance a nan ina kallon ki tun safe. Tsohuwar can da ɗaki duk ya ɗauki warinta, kin rungume ta da hannunki. Matar can kin ɗauke mata fitsari da hannunki. Sai da kika zo kaina, kika buɗe kika gani, sannan kika ruga kika wanke hannu kika sa roba. Me kika gani a jikina?"

"Inna, wallahi ba haka ba ne."

"Da bakinki kika gaya min masu sa wannan abin ƙyama ce ke damunsu. Ko ba ke kika faɗa ba?"

Kai, magana ba ta ɓata! Ga ta nan ta dawo mata da ƙafafunta. Ƙarfe ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni na faɗa."

"To cire. Ni da na wanke miki kashi da wannan hannun, ban taɓa neman roba ba. Ranar da ƙyanda ta feso wa yayarki, a ƙirjina ta kwana. Ki cire, ko kuwa ki fita ki bar ni, kuma ba wadda za ta taɓa ni. Ya ruɓe ɗin."

Idon Inna ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo, don Inna ba mai kuka ba ce. Ƙarfe ba ta taɓa yi mata musu ba tun da ta yi wayo. Abu mafi sauƙi a duniya shi ne ta fizge safar nan. Ai ta wanke hannu, wata zuciyar ta ce mata, wankin ya isa, ki faranta mata. Amma ta san wankin famfo daban, abin da ake sa wa buɗaɗɗen ciki daban. Kuma ta san abin da ta shafo.

Labule ya motsa, Sista ta leƙo.

"Ina jin murya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau," Inna ta amsa da sauri, ta goge ido da bayan hannu. Duk fushin da take yi, ba za ta kunyata 'yarta gaban shugabarta ba. "Hira muke."

Sista ta dubi hannuwan Ƙarfe a sama cikin safa, ta ɗaga gira ɗaya. "A gama hirar da wuri. Raunin nan ba ya son iska." Ta saki labulen.

Ƙarfe ta durƙusa a gefen gadon, hannuwa har yanzu a sama kamar mai roƙo, ta rage murya.

"Inna, ki ba ni izini in yi magana."

Inna ta ci gaba da dafe zanin. Ƙarfe ta ɗauki hakan a matsayin izini.

"Abin da na gaya miki a gida shirme ne. Ni na yi shirmen, ba ke ba. Na ɗauka safar nan don ni ake sa ta. Inna, hannun nan da kika gani, da shi na share mugunyar Kaka ɗazu. Abin da ke cikin ƙafarta likitoci sun rasa maganinsa. Ban wanke ba na ɗauki tasar fitsari. Ban wanke ba na zo na buɗe cikinki, saura kaɗan in sa yatsa a ciki. Ni ba zai yi min komai ba, ƙila har in mutu ba zan ji ko zazzaɓi ba. Ke kuwa cikinki a buɗe yake. Ba ke nake ƙyama ba, Inna. Hannuna nake tsoro."

Inna ta kawar da kai wajen taga.

"Daɗin baki. An koya muku."

"To na ji. Amma ba zan cire ba." Ƙarfe ta ƙara ɗaga hannuwan. "Ki yi fushi da ni, ki ƙi cin abincin da na kawo, ki gaya wa Gwaggo da duk dangi cewa na yi ƙyamarki. Zan ɗauka. Mai rai ce ke yin fushi, Inna, kuma ni fushinki nake so in yi ta gani har ki tsufa tukuf. Zan tsaya a nan da hannuna a sama har ki gaji."

Ta kuwa tsaya. Aka turo teburin magani ya wuce ta bayan labule yana ƙara. Wata a can ƙarshen ɗaki ta kira nas, 'Yar Leda ta amsa. Kafaɗun Ƙarfe suka fara zafi, gumi ya taru cikin safar, gwiwoyinta suka yi tsami a kan siminti. Ba ta sauke hannu ba. Taurin kai dai a nono ta sha shi, kuma wadda ta shayar da ita ce ke kwance a gabanta.

Can, ba tare da ta juyo ba, Inna ta saki zanin. Ta janye shi da yatsa biyu, fuskarta na kallon taga.

Ƙarfe ta miƙe. Ta yi aikin nan kamar ana ɗaukar ta hoto don koyar da 'yan aji ɗaya. Ta wanke daga tsakiya zuwa waje, kowace auduga shafa ɗaya ta jefar. Ta duba wurin da ya saki, ba mugunya, ba wari, naman ja ne mai lafiya. Ta rufe da sabon bandeji, ta manna filasta ta bi gefuna. Da ta gama ta cire safar ta jefa a kwando.

"An gama, Inna. Yana da kyau. Zai kama in Allah Ya so."

Inna ba ta ce sannu ba. Ta gyara zaninta, ta daɗe tana kallon labulen da ya raba ta da gado na kusa. A gadon akwai wata matashiya da aka yi wa tiyatar haihuwa, wadda suka saba da Inna a 'yan kwanakin nan har Inna na riƙe mata jariri in za ta shiga banɗaki.

"Yarinyar nan ta gefena," Inna ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya wanke mata nata jiya?"

"Ni ce."

"Bayan kin fito daga wajen tsohuwar?"

"E."

"Da wane hannu?"

Ƙarfe ta dubi hannuwanta. Inna ta juyo ta dube ta sosai, karon farko tun da aka fara rigimar.

"Ni kin ji warin a hannunki don ni na haife ki. Ita ba ta da uwa ne? Sauran da ke kwance a nan, ba su haifi kowa ba?"

Maganar ta shige ta har ƙashi. Duk albarkar da ake sa mata a ɗakin nan, duk "Ƙarfe, zo nan," ta tuna su gado bayan gado, da hannun da ta kai wa kowacce. Kunya ta rufe ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba, don sunkuyawa ba za ta warkar da kowa ba.

"Sun haifa, Inna."

"Da asuba na ji tana cewa jikinta da ɗan zafi. Ta ce kada in faɗa, wai kar a hana ta tafiya gida." Inna ta gyara kwanciya, ta ja mayafi har ƙirji. "Tashi ki kira Sistarku ku duba ta yanzu, ki gaya mata abin da kika gaya min. Fushina yana nan, ba inda za shi. In kin dawo ma ci gaba."

Ƙarfe ta yaye labulen. Matashiyar na zaune tana shayar da jaririnta, ta ɗago ta yi mata murmushi, ta miƙo hannu za su gaisa kamar kullum.

"Riƙe gaisuwar, ina zuwa," Ƙarfe ta ce mata.

Ta ɗaga murya ta kira Sista tun daga tsakiyar ɗaki, tana tafiya wajen famfo tana naɗe hannun riga.